Hantar da Nake Sata

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki, kowa a Makera siyasa yake yi, mu kuwa a gidanmu idon Yaya muke kallo. Ya yi ɗorawa, hannunta na rawa. Tana da shekara ashirin da ɗaya, ina da sha tara, amma sai na zama kamar kujera a gidan.

Mata suka ce shawara ce, mai ciwon hanta kuma hanta ake ba shi. Kullum da safe Umma sai ta soya hantar rago, ta ce in kai wa Yaya, ni in sha koko. Haushi ya ishe ni. Tsakanin kicin da ɗakinta nake cinye fiye da rabi, in goge baki. Ba kwaɗayi kaɗai ba ne, kishi ne zalla.

Da abin ya ƙi, muka je babban asibiti. Bayan gwajin jini da fitsari, likita ya haska idonta, ya ga wani zobe ruwan ƙasa kewaye da baƙin idon. Ya ce jan ƙarfe ne, wanda ke cikin abinci, hantarta ta kasa fitar da shi. Har ɗalibai ya kira su gani.

"Gadonsa ake yi," in ji shi. "Ƙanwa, zo mu duba naki."

Na zauna ina fatan a samu. Idona fes yake. Umma ta yi hamdala ba tare da ta dube ni ba. Ko zoben ma, Yaya ce ta samu.

Sai likita ya rubuta magani, ya lissafo abin da za ta bari. Na farko hanta, don cike take da jan ƙarfe. Umma ta zame ta zauna a ƙasa.

"Da hannuna nake ba ta, likita. Wata huɗu."

Ban taɓa ganin ta haka ba. Na durƙusa kusa da ita.

"Umma, ba ta ci da yawa ba. Ni nake cinyewa a hanya."

Ta daɗe tana kallona, karo na farko a wata huɗu. Ta riƙo hannuna ta ce, "Allah ya yi miki albarka."

Sannan ta sake shi, ta tashi ta gyara wa Yaya mayafi.