Giyar Baban Abigel

Shekari mutumin Zonkwa ne, kuma ba za ka yi minti goma da shi ba tare da ka ji cewa uwarsa ce ta fi kowa iya burkutu a kasuwar garinsu ba. Shekara tara muka yi muna loda kujeru a kamfani guda a nan Greensboro ta Amurka, na ji labarin ya fi sau ɗari. Ni Sale ban taɓa kai giya bakina ba, amma saboda Shekari na san kwana nawa ake jiƙa dawa. Yakan ɗaga tafin hannunsa ya ce, "Hannun Mama ke nan. Gado ne." Hannun da ni dai ban taɓa ganin ya dafa ko shayi ba.

A 2006 ya sayi wani ɗan gida a McLeansville, ya tarar da kurangar inabi a bayan gidan, irin mai kaurin ɓawo da ake samu a nan. A shekarar ce kuma 'yarsa Abigel ta kawo saurayi, ɗan wani likitan haƙori da ke unguwar masu kuɗi ta Irving Park. Aka gayyaci Shekari da matarsa Angelina cin abinci. Likitan ya zaga da shi wani ɗaki mai sanyi cike da kwalaben giya, yana faɗa masa shekarun kowace. Shekari ya ji an taɓa masa gado. Kafin su tashi ya riga ya buga ƙirji, ya ce giyar da za a ɗaga a bikin auren Abigel a watan Yuni daga garejinsa za ta fito. Angelina ta ce ta taka masa ƙafa sau uku a ƙarƙashin tebur, bai ko waiwayo ba.

Da Satumba ta zo aka tsinke inabi. Ya sayo farin bokiti mai murfi, da sukari, da yis, da wani ɗan bututu mai lanƙwasa da ake zuba wa ruwa a kafa a murfin, iskar ciki ta fita, ta waje kada ta shiga. Mai shagon ya ba shi takardar bayani. Abu guda takardar ta fi nanatawa: bayan makon farko a tace, a rufe, a ƙyale shi wata da watanni. Shekari ya karanta ya yi tsaki.

"Waɗannan mutane ba su san giya ba," in ji shi. "Mama kwana uku take yi, tukunya a buɗe, kowa ya zo ya ɗanɗana. Giyar da ba ta ga mutane ba, wace irin giya ce?"

Nan ya bi al'adar gidansu. A rumfar burkutu ba a hana baƙo ɗanɗano, don haka duk wanda ya taka gidan sai an ja shi gareji. Yana da wani ƙoƙo da ya zo da shi daga Zonkwa, na uwarsa, da shi yake ɗiba. Abokan cocinsa suka ɗanɗana. Mai gyaran famfo ya ɗanɗana. Ni da ba na sha, sai an buɗe mini na shinshina na ce madalla. Safe da yamma yana buɗe murfi, ya juya da muciya, ya yi wa bokitin kirari. Bututun kuwa ya cire shi tun a mako na biyu, wai yana shaƙe giyar. Na ce masa ƙananan ƙudaje sun fara yawa a garejin, ya ce ai su ma sun san abu mai kyau.

Ragowar inabin, kwando guda, ya bai wa maƙwabciyarsa Hajiya Tchima, 'yar Damagaram da ke aiki a gidan kula da tsofaffi. Ita ruwan kal take so, mai tsamin nan da ake zuba wa salak, don an ce mata na gida ya fi amfani ga maigidanta. Ta matse inabin, ta zuba sukari yadda wata ta kwatanta mata, ta ɗura a babbar kwalba. Da ya fara kumfa yana wari, sai tsoro ya kama ta kada baƙi su ji su ɗauke ta da wata manufa. Ta ɗauko safar hannu ta roba irin ta wurin aikinta, ta ɗaure a bakin kwalbar, ta tura can ƙuryar kabad. Washegari ta leƙa ta ga safar ta kumbura ta miƙe, yatsu biyar a sama. Ta yi salati ta rufe kabad. Wata bakwai ba ta sake buɗewa ba.

A watan Afrilu, saura wata biyu biki, Shekari ya kira ni. Na same shi a gareji zaune a kan taya, ƙoƙo a hannu. Tun daga bakin ƙofa tsamin ya daki hancina. Angelina ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Baban Abigel, tun Kirsimeti nake gaya maka, kana cewa ƙarfi yake yi." Galan biyar, duk ya zama kal. Inabi kuma sai wata Satumbar. Na yi niyyar tsokanarsa, amma da na ga fuskarsa sai tausayi ya kama ni.

Muna nan sai ga Hajiya Tchima da sallama, tana rungume da kwalba a cikin zane.

"Pardon, Baban Abigel," ta ce. "Binegar ɗin nan nawa, ruwan kal ɗin, ban sani ba ko ya yi. Ina tsoron in taɓa da harshe. Kai ka duba mini."

Ya kwance safar, ya tsiyaya kaɗan a ƙoƙon. Ruwan ya fito garau, ja mai duhu. Ya kurɓa. Ya ɗago ya dube ta.

"Hajiya, me kika sa a ciki?"

"Ba komai, sai sukari."

"Sau nawa kike juyawa?"

"Juyawa? Ni ko kallonta ba na yi."

"Hajiya, wannan ba kal ba ne. Wannan wayin ne, giyar inabi. Wallahi ta fi ta likita."

Ta ja da baya tana innalillahi. Shekari kuwa, dattijo mai shekara hamsin da huɗu, sai ga shi a durƙushe. Ya ce ta ba shi, ya ba ta bokitinsa gaba ɗaya, kowa ya samu abin da yake nema. Ya ce mutuncinsa ne a cikin kwalbar nan. Ni kaina na ji zuciyata ta karkata, Allah ya yafe mini.

"Naka zan karɓa in ka ba ni, na gode," ta ce. "Amma ba zan ba wani giya da hannuna ba, ko da kai ne."

Ta fita bayan gida ta tuntsurar da kwalbar a gindin kurangar. Shekari ya tsaya yana kallo har ƙasa ta shanye. Ya san ba mugunta ba ce. Ni dai na ji haushinsu su biyun, na kuma rasa wanda zan ba laifi.

Ranar biki giyar kanti aka ɗaga. Angelina kuwa, da ba ta yarda a yi asarar komai, ta zuba kal ɗin mijinta a salak. Bayan an ci abinci likitan ya nufo mu, na ga Shekari ya gyara tsayuwa yana jiran tambayar da yake tsoro. Amma mutumin ya manta da zancen giya sam. Salak ɗin yake yabo. Ya ce bai taɓa cin kal mai daɗin wannan ba, an ce masa Shekari ne ya yi, yaya ake yi?

Shekari ya ɗaga tafin hannunsa a hankali. "Gado ne," ya ce. "Hannun Mama."

Aka tafa masa, har da mai ɗaukar hoto. Can na neme shi na rasa, sai a wurin ajiye motoci na same shi ya jingina da motarsa, idanunsa sun yi ja.

"Sale," ya ce, "da Mama ta ɗanɗana abin nan da na yi, a kwata za ta zubar, ta hana ni taɓa ƙoƙonta."