Jujin Kajin Inna Zuwaira

Kullum da hantsi Inna Zuwaira takan ɗaura zangarniyar dawa a igiya, ta rataye ta a reshen dalbejiyar tsakar gida. Ba ta sauke ta ƙasa sosai. Daidai inda kaza sai ta yi tsalle kafin ta samu ƙwaya take barin ta. Matan Ƙarfi da ke shigowa sukan ce, ga hatsi a rumbu, don me za ta wahalar da dabba? Sai ta ce, "Ba yunwa ke damun su ba, zaman banza ne."

'Yar Dayi ce. Aure ya kawo ta Ƙarfi, da wata kaza wake-wake da mahaifiyarta ta saka mata a kwando. Mijinta ya rasu, 'ya'ya suka girma, sana'ar daddawa ta gagare ta saboda gwiwa, amma irin kazar nan bai yanke a gidan ba. Duk kazar da ke yawo a wurin, jikar waccan kazar ce ko tattaɓa kunnenta. In ta kira su, kamar da mutanen gidansu take magana.

A bayan ɗakinta akwai wani juji da ba kowa ke taɓawa ba: tokar murhu, ƙaiƙayi, totuwar masara, busasshen ganye. Takan binne tsabar gero a ciki ta koma gefe ta zauna. Nan kajin ke wuni suna tono, suna birgima a toka. Ko lokacin shuka, da ake tsare dabbobi, zana kawai take kewaye jujin da ita, su yi zamansu lafiya.

Mudi ne ɗanta na fari, shi ke riƙe da gidan da gonar. Don kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta yi masa faɗa. In tana da magana, matarsa Shafa'atu take gaya wa.

Wata shekara gab da damina Inna ta tafi Dayi wankan jegon autarta. Takin zamani ya yi wuya a lokacin, kowane manomi na kwashe abin da ke gidansa yana kai wa gona. Mudi ya kawo amalanke, ya kwashe takin turken awaki, sannan ya tsaya a kan jujin.

"Malam, wannan fa wurin kajin Inna ne," in ji Shafa'atu.

"Kaji ke bukatar taki ko masara? Ke ma sai ka ce ba 'yar manoma ba."

"'Yar manoma ce, shi ya sa na san abin tsohuwa ba a taɓa shi tana nesa. Ni dai na faɗa."

Ya yi dariya, ya kwashe shi tas, har ya sa tsintsiya. Ransa ya yi fari da ganin wurin fes.

Ruwa ya sauka, aka yi shelar a tsare dabbobi. Mudi ya kewaye wurin da zana kamar yadda ya saba gani, ya zuba kajin ciki, ya cika musu kwano da dawa. Sai su ci su ƙoshi kafin rana ta ɗaga, su tsaya suna kallon juna a kan ƙasa tsura. Daga nan suka fara figar gashin juna. Da jini ya fito a bayan ɗaya, sauran suka taru a kanta. Mudi ya ɗauka ciwo ne ya shigo, ya hau babur zuwa kasuwar Bakori ya sayo magani ya zuba a ruwansu. Wasu ya yanka don kada su tafi a banza, wasu a mace ya tarar da su da safe.

Ranar da Inna ta dawo, kaza ɗaya ce ta rage mai wake-wake, bayanta a fige. Inna ta ajiye ƙullinta ta leƙa cikin zanar. Ta daɗe tana kallon ƙasar.

"An yi shara," ta ce da Shafa'atu.

Mudi na tsaye a bayanta, hularsa a hannu. "Inna, ni ne na..."

"Masarar ta fito?"

"Ta fito, Inna."

"To, Allah Ya yi albarka."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Masarar kuwa ta yi kyau a kusurwar da aka zuba tokar, ganyenta baƙi ƙirin. Maƙwabtan gona suna yaba masa. Shi kuma ya koma shiga gonar ta ɗaya gefen.

Inna ta fara tara toka daga farko, tafi ɗaya yau, tafi ɗaya gobe. Ta ari zakara a maƙwabta. Gashin kazar ya tsiro, ta yi ƙwai, ta hau kwanci. A satin da ake jiran ƙyanƙyasa, Inna ta samo tsohuwar tukunya, ta cusa mata karan dawa da busasshen kashin shanu, ta yayyafa ruwa. Ta ce da Shafa'atu za ta kife ta a kan wani shuri da ta sani, gara ta shiga ciki, don 'yan tsaki su tashi da abin bi, kada su koyi saran juna. Da yammar zazzaɓi ya kama ta. Ba ta tashi ba.

Ana zaman makoki 'yan tsakin suka fito. Bayan mutane sun watse Mudi ya ga tukunyar jingine da bangon ɗakinta, karan ya bushe. Ya ɗauke ta ya leƙa ciki.

"Wane shuri ta ce?" ya tambayi Shafa'atu.

"Ba ta faɗa ba, Malam."