Gwaggo da Abinci Mai Haske

Shekarar da na gama kwalejin horon malamai a Gusau, kafin a ba ni aiki, na koma Tsafe wurin gwaggona. Yayar mahaifina ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta duk sun watse, ita kuma tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Na tarar ta shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa mata da yamma a firamaren unguwa. Ta ce ta gaji da miƙa wa yaran makwabta wayarta su karanta mata saƙo, gobe ta tsinci zancen a wurin niƙa.

Karatun Hausa bai ba ta wuya ba. Da suka shiga Turanci, malamarsu ta kawo darasin kalma da akasinta: babba da ƙarami, zafi da sanyi. Darasin ya yi wa Gwaggo daɗi, don mace ce mai son kowane abu ya zauna inda aka ajiye shi. Ta haddace cewa “light” haske ne, akasinsa “dark”, wato duhu. Ranar da ta amsa wannan a aji aka tafa mata, ko kaji sai da suka sha labari.

A lokacin tana fama da ƙwannafi, sai muka shiga bas zuwa asibiti a Gusau. Likitan da ke duba mutane ranar ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, Hausarsa ba ta wuce sannu ba. Da layi ya zo kanmu na miƙe zan bi ta, ta dangwara mini jakarta a cinya.

“Zauna nan. Ni da likita za mu fahimci juna.”

Ta fito tana tafiyar ƙasaita. A mota na tambaye ta abin da ya ce.

“Ya rubuta magani, kuma ya ce in riƙa cin farin abinci da dare. Bai rufe baki ba na gane.”

Na ɗan yi mamaki, amma dokokin likitoci yawa gare su.

Tun daga ranar aka kori tuwon dawa da miyar kuka daga gidan. Kowane maraice tuwon shinkafa ne, malmala bisa malmala, ko sakwara, ko dafaffen rogo, a bi da fura mai kauri da nono. Ni kam har kumatu na yi. Gwaggo kuwa kullum da safe sai ta fito tana dafe ƙirji tana gyatsa. In na yi magana ta ce, “Ciwo ne ke fita. Ke mi kika sani?”

Muna da makwabciya, 'yar Binuwai, mai ɗinki, mijinta ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma. Kowa Maman 'yan biyu yake ce mata. Wata Lahadi da yamma, bayan ta dawo daga taron mata na coci, ta shigo sayen mai, ta tarar da Gwaggo gaban kwano kamar tsauni.

“Mama, ba ke ce mai ciwon ƙirji ba? Duk wannan?”

“Umarnin likita ne,” in ji Gwaggo. Ta gyara zama, ta kalle ni don in shaida, sannan ta faɗa da Turanci, a hankali, kamar mai karanta labarai a rediyo: “Light food.”

Maman 'yan biyu ta ajiye kwalbarta, ta nemi turmi ta zauna, ta yi ta dariya har ɗankwalinta ya zame. Ni kuma na sunkuyar da kai ina cizon bakin hijabi.

“Mama, wannan ba na haske ba ne! Abinci mara nauyi yake nufi, kamar kunu ko ɗan fate. Akasinsa ‘heavy’, mai nauyi. Ga shi nan a gabanki.”

Gwaggo ta juyo gare ni. “Ke malama, mi ne akasin light?”

“Dark, Gwaggo. Kuma heavy.”

“Su duka?”

Na ce e. Don ƙarin neman magana na ce kunna wuta ma light ne, wutar lantarki da ake kawowa a ɗauke ita ma haka ake ce mata, har wanda fatarsa ta yi haske.

Ta tsame hannu daga miya. “Kalma guda da fuskoki haka? Wannan ai munafunci ne. Da mutum ce, ko zauren gidan nan ba za ta taka ba.”

“A'a, Mama, kar ki zagi Turanci,” in ji Maman 'yan biyu tana share hawaye. “Ina sabuwar zuwa, wata ta ce mini in shiga gari in sayo gari kafin gari ya yi duhu. Tsaye na yi ina kallon bakinta, na ɗauka in'ina gare ta.”

“Wannan daban. Kowa ya san garin da ake nufi.”

“Kowa ban da ni.”

Gwaggo ta dubi kwanon da ke gabanta. Can ta tura mana kwanon ta ce mu cinye, ni kuma in na gama in dama mata kunu, kada ya yi kauri. Ba a daɗe ba ƙirjin ya lafa.

Washegari ta kai ƙara wurin malamarsu. Malamar ta ba ta haƙuri, ta ce ba a yanke wa kalma hukunci ita kaɗai, sai an duba waɗanda take zaune da su a jimla. Wannan bayani ya shige ta, don a ganinta haka ake binciken mutum, a wurin makwabta. Sai dai maimakon ta huce, sai ta mai da abin tarko. Mai sayen ƙuli-ƙuli, ɗan kabu-kabu, ɗan sakandare, duk wanda ta ji ya jefa Turanci a magana sai ta tare shi da tambayar akasin “light”. In ya ce “dark”, ta ce “heavy” take nufi. In ya ce “heavy”, ta girgiza kai cike da tausayi.

Babban abin farautarta shi ne mahaifina, ƙanenta, tsohon hedimasta a Bungudu, wanda ko gaisuwa sai ya sa mata Turanci. Aka yi suna a gidanmu muka tafi. Tun daga Tsafe har muka canza mota a Gusau tana murmushi ita kaɗai. Ta haƙura har ya shigo cikin gida gaishe ta, mata cike da tsakar gida, sannan ta ɗaga murya.

“Hedimasta, ina da tambaya. Mi ne akasin light?”

Baba ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar.

“Wanne daga ciki, Yaya? Sa mini shi a jimla.”

Gwaggo ta harare shi. Sannan ta ja tsaki, ta jawo kwanon waina gabanta.

“Kai dai tun kana yaro ba ka da daɗin wasa.”