Ramin da Baba Gyara ya yi ta cikewa

Shekara talatin da takwas mahaifinmu ya yi yana shimfiɗa tayil a gidajen mutane, kuma duk tsawon lokacin nan idonsa bai taɓa yafe wa abin da ya karkace ba. In ya je gaisuwa gidan wani, sai ya miƙe hoton da ke jikin bango kafin ya zauna. Ya taɓa gyara kalandar likita ana cikin auna masa jini. Shi ya sa kowa ke ce masa Baba Gyara, har Inna in ranta ya ɓaci.

Mu dai dariya muke yi, amma Yayana bai ga abin dariya ba. A hannun Baba ya koyi aikin. Wata rana ya shimfiɗa doguwar baranda shi kaɗai, Baba ya zo ya ɗora ma'auninsa mai ƙwayar ruwa a tsakiya, ya yi tsaki, ya ɓamɓare tayil goma sha ɗaya a gaban leburori. Yaya ya tattara kayan aikinsa ya kama gaban kansa. Yana zuwa gaisuwa, amma daga bakin ƙofa, kuma ko da wasa bai ƙara yi wa Baba zancen aiki ba. Abin yana cin Baba a rai, na sani, sai dai shi ba mai buɗe baki ya ce na yi kuskure ba ne.

Da gwiwa ta zaunar da shi a gida, sai ya addabi kowa. Ya jera wa Inna tukwane daga babba zuwa ƙarama har sau uku. Don mu samu lafiya na sayo masa akwatin gilashi da yashi da ɗan famfon iska, da kifin ado guda biyu, dangin karfasa ne amma ƙanana masu launi. Namijin shuɗi, macen ruwan ɗorawa. Mai kifin ya ce irinsu ko a bokiti ka ajiye su sai sun hayayyafa.

Baba ya shimfiɗa yashin nan sumul kamar zai ɗora tayil. Washegari ya tarar shuɗin ya haƙa rami a tsakiya, yana ɗiban yashi da baki yana tofarwa gefe.

"Ji wannan ɗan kwangila," in ji Baba. "Wa ya ba ka aiki?"

Ya naɗe hannun riga, ya ɗauko ƙaramin cokalin gini, ya cike ramin ya shafe. Haka suka yi ta yi kowace safiya, kifi ya haƙa, Baba ya cike. An rasa wanda ya fi wani taurin kai. Wata takwas babu ko ɗa guda. Baba ya sauya abinci, ya sauya ruwa, ya matsar da akwatin daga taga, har ya fara zargin an sayar mana da maza biyu.

Sai aka kwantar da shi asibiti don aikin gwiwa. Ni ina jinya, Inna tana tsoron famfon iska, don haka ciyar da kifi ya faɗo kan Yaya. Baba ya ba ni saƙo in gaya masa ya riƙa baje yashin kullum. Na isar da saƙon. Yaya ya ce to, irin to ɗin da ba ta zuwa ko'ina.

Ranar da muka dawo, Baba ya doshi akwatin yana dogara sanda. Yashi ya zama tudu da kwari, ga rami kamar za a kafa ginshiƙi. Macen kuma ta maƙale a bayan dutse, haɓarta ta kumbura, ko kallon abinci ba ta yi.

"Sati biyu kawai na bar maka, ka kashe mini kifi," Baba ya ce wa Yaya.

"Ban taɓa komai ba, Baba. Na ga yana aikinsa ne, na ƙyale shi."

Na kira mai kifin na sa wayar a fili kowa ya ji. Da na kwatanta masa, sai ya tuntsure da dariya. Ya ce lafiyarta lau, ƙwai ne a bakinta. A ramin da namijin ya haƙa take zubawa, sannan ta kwashe ta riƙe a baki wajen sati uku ba ci. "Ai in babu ramin nan, babu haihuwa," in ji shi. "Da can me ya hana shi haƙawa?"

Inna ta shige kicin, muna jiyo dariyarta.

Bayan kwana goma sha biyu macen ta buɗe baki, 'ya'ya ashirin da uku suka fito kamar ƙwayar shinkafa masu ido. Baba ya ƙirga su sau huɗu. Ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya ce in kira Yaya, yana so ya ga inda yake aiki.

Yaya ya kai mu a motarsa. Babban falo ne, ya gama shimfiɗa shi. Baba ya taka a hankali daga wannan bango zuwa wancan. A bakin ƙofa idonsa ya tsaya kan wani tayil. Na gani, Yaya ma ya gani. Hannun Baba ya ɗaga, sai ya mayar da shi baya ya riƙe da ɗayan.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. "Yankan kusurwar nan ma ni ban iya shi ba."

Yaya ya juya yana duba taga, alhali babu abin dubawa a jikinta. Ni kam hawaye na yi, ban ɓoye ba.

A hanyar gida Baba ya matso kusa da kunnena, ya yi raɗa irin tasa da ake ji daga tsallaken titi. "Na bakin ƙofar nan ya ɗan karkace. Kada ki gaya masa."

"Na gani, Baba," in ji Yaya daga gaba, yana murmushi. "Gobe zan cire shi. In gwiwarka ta yarda, ka zo ka riƙe mini ma'auni."

"Ni dai ban ce komai ba," in ji Baba. Da muka isa gida, kafin ya cire takalmi, ya tambayi Inna inda ta ajiye masa tsohon wandon aikinsa.