Ƙaryar Ardo Buba ce ta kwance mini harshe

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan kuna tambayar 'yata Hauwa a shafinta ina Baba Direba ya shiga. Ga ni, ban mutu ba. Ni ban yi boko ba, ni ke faɗa ita ke rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Shekara goma sha huɗu ina tuƙa wani Kanar ɗan ƙasar Katagum da ya riƙe babban muƙami a gwamnatin soja. Ya rasu tuni. Duk wanda ke neman labarinsa a Azare wurina ake turo shi. Hauwa ta sha roƙona ta ɗauki muryata a waya, ina cewa kaina ya fi wayarki.

Ciwon kai ne ya fara. Ta ce mu je a gwada jinina, na ce wanda ya tuƙa soja ba ya zuwa asibiti don ciwon kai.

Wata safiya kofin koko ya suɓuce daga hannuna. Na buɗe baki in ce a kawo tsumma, sai wani gurnani ya fito.

Maƙwabta suka ce iska ce ta buge ni, har an kawo garwashin hayaƙi. Hauwa ta ture kaskon, ta tsayar da Keke, sai asibiti.

Aka yi hoton kaina, aka ɗibi jini, aka ɗaura ƙarin ruwa. Likita ya ce, "Hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Ƙafa za ta iya dawowa. Baki kuwa, sai yadda Allah ya yi." Tumakin Hauwa biyu suka tafi a magani.

Ban ji tsoron mutuwa ba. Abin da ya tsorata ni shi ne a binne ni da Kanar a cikin kaina.

Kullum safe a gwada jini, a juya ni, a ɗura mini kunu da cokali. Duk na jure. Abin da ban iya jurewa ba shi ne hirar ɗakin maza.

Wata rana majinyata biyu suka ɗauko zancen Kanar, gadona na tsakaninsu. Ɗaya ya ce ɓarawo ne, gidajensa sun fi ashirin. Ɗayan ya ce waliyyi ne, ko ƙuda bai taɓa kashewa ba.

Duka ƙarya! Mutumin da ya mutu da gida ɗaya da mota ɗaya, ni na kama aka yi masa wanka. Kuma mutumin da ya taɓa marina a gaban kasuwa don na makara. Ina ji, ina bugun katifa da hannun hagu, yawu na zuba. Ɗayansu ya ce, "Wayyo, tsohon nan fitsari yake ji."

Aka kawo mini tasa. Ranar na yi kuka.

Bayan sallama aka ci gaba da kai ni gashi. Ƙafa ta fara motsi, baki shiru. Likita ya ce wa Hauwa, "Ku riƙa sa shi magana." Ta ce in ce ruwa, in ce Hauwa. Na juya mata ƙeya. Ni za a mayar jariri?

Sai ga Ardo Buba daga Chinade, Bafillacen da muke tsokanar juna tun muna samari, don ni Babarbare ne.

Ku da kuke shan inuwar dalbejiyar hanyar garinmu, Kanar ne ya sa aka dasa su, ni na yi jigilar dashen. Kowane gida aka ba shi nasa, wanda ya bari nasa ya mutu soja su hukunta shi. Shanun Ardo suka cinye layi guda. A gabana aka sa shi tsallen kwaɗo, matansa na kallo.

Ardo ya zauna bakin tabarmata ya ce, "Bawana, ashe bakin ya mutu? Alhamdulillahi, gari ya huta. Hauwa, kawo wayarki, yanzu ni ne mai tarihin Kanar."

Ta kunna. Ya gyara rawani.

"Kanar mutum ne mai sanyi. Da shanuna suka ci itatuwansa, rungume ni ya yi, ya ce Ardo, Allah ya ƙara musu lafiya."

Na harare shi, ya ci gaba.

"Har ya ce wannan direban nawa bai iya komai ba, kai ya kamata ka riƙa tuƙa ni."

Ban san sa'ad da abin ya fito ba. "Tsa… tsallen… kwaɗo!"

Hauwa ta saki wayar. Ardo ya yi dariya har hawaye, daga baya na ga hawayen ba na dariya ba ne. Ashe ita ta aika a kira shi.

Wata biyu yana hawo babur duk ranar kasuwa da sabuwar ƙarya, ni ina ƙaryata shi, yau kalma biyu, gobe biyar.

Yanzu ina tafiya da sanda. Harshen na da nauyi, wasu sunaye sun ɓace, har da na ƙauyen da Kanar ya haƙa wa rijiyar farko. Na neme shi na rasa. Taurin kaina ne ya ci wannan, kuma har gobe yana ƙona mini rai.

Na gode wa Allah, da likitoci da nas-nas, da Hauwa. Ardo kuwa ba zan gode masa a gaban jama'a ba.

Ku gwada jininku ko kuna jin garau. In bakin mutum ya karkace ko hannu ya saki, asibiti nan take, ban da hayaƙi. Mai tsoho a gida ya kunna waya ya ɗauki labarinsa yau, ko tsohon ya zage shi.

Ni dai kullum da hantsi Hauwa na kunna tata. Na fara ne daga marin da Kanar ya yi mini, sannan itatuwan.