Léonce da Tanderun Ferrassou

A Ferrassou duk wanda aka tambaya wa ya san sirrin tanderun gari, sunan Léonce zai kira. Tanderun na dutse ne, yana nan gefen coci tun zamanin da sai an ba mai ƙasa nasa kaso kafin a gasa burodi. Da aka kori iyayen giji, ya zama na kowa. Lokacin ƙuruciyar Léonce gida arba'in ke layi a bakinsa duk mako biyu, kowace mace da kwandon ƙullun baƙar alkamarta a ka. Yanzu gonaki sun koma makiyayar shanu, samari sun bi aiki birnin Lyon, gida tara suka rage, sai motar madara da ke hawowa kowace safiya. Tanderun kuwa sau ɗaya ake hura shi a shekara, ranar bikin gari.

Shekara hamsin Léonce ke hura shi. Aikin duk na ido ne. In an cusa itace, rufin ciki ya kan yi baƙi ƙirin, sannan a hankali ya washe ya yi fari tas. Ka kwashe garwashi kafin nan, burodi ya fito ɗanye. Ka yi jinkiri, ya zama gawayi. To idon ne ya fara gudun Léonce, bai kuwa gaya wa kowa ba. Ɗansa Aurélien ya daɗe yana zancen wani gidan tsofaffi mai kyau kusa da shi a Lyon, kuma ga shi ya zo biki. In ya gane, Léonce ya san ba zai sake kwana a Ferrassou ba. Tsoro yake ji ƙwarai, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka binne matarsa.

Maƙwabciyarsa Hermine kuwa shekara arba'in suna faɗa, tun da akuyarta ta cinye masa kabeji. Kowace shekara ta kan kafa kujera a bakin tanderu don ta sami abin kushewa. Bana ta matso da ita har gindin tanderun.

Léonce ya leƙa ciki, bai ga komai ba sai jan hazo. Ya kai hannu ga abin kwashe garwashi.

"Kai tsoho, ina za ka?" in ji Hermine da ƙarfi. "Rufin nan baƙi kamar zuciyarka, za ka ba mu ɗanyen ƙullu?"

"Wa ya tambaye ki? Gyara itace zan yi."

"Gyara dai. Mun sani."

Jama'a suka yi dariya, don an saba. Bayan wani lokaci ta sake ɗaga murya.

"To malam, sai ya ƙone za ka motsa? Ya yi fari tun ɗazu, kana tsaye kamar gunkin coci!"

Sai a nan Léonce ya gane abin da take yi. Ya ce mata ta ja can da shegen surutunta. Ya kwashe garwashi, ya share, ya zura hannu har kafaɗa ya ji zafin, aka jera ƙullu.

Burodi ya fito yadda ake so, ƙamshi har bayan maƙabarta. Saura rabo. A Ferrassou kowane gida da alamarsa da ake tsagawa a kan ƙullu, mai tanderu kuma shi ke kiran suna ya miƙa. Léonce ya riƙa ɗauka da zafinsa, yana shafa sama da babban yatsa, yana kira. Bai kuskure ko ɗaya ba. Sai dai fuskarsa na kallon sama, Aurélien kuma na kallon yatsan.

Na ƙarshe mai tsaga biyu da ɗigo ne, alamar gidansu. Ɗan ya karɓa, ya riƙe har da hannun uban.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun bara," in ji Léonce. Ƙarya ba ta da amfani kuma.

Aurélien ya dubi yatsan da ya yi ja da ƙuna, ya dubi Hermine da ta duƙufa gyaran kwandonta kamar ba ta ji ba.

"Gobe da sassafe zan koma," ya ce.

Léonce ya sunkuyar da kai.

"Ni kaɗai. Amma ranar Laraba zan dawo in kai ka likitan ido, kuma ba na son gardama."

Hermine ta miƙe, ta saɓa kujerarta, tana goge ido da gefen riga.

"Au, bar mana shi za ka yi? Kai yaron nan ba ka da imani."