Ranar da na koyar da tuƙi cikin ruwa

Ruwan sama a Jidda baƙo ne, shekara sai ta juyo bai leƙo ba. Idan kuwa ya zo, ba magudana, sai ya nemi kwari ya kwanta. Ɗakinmu na langa-langa a unguwar Nuzla cikin kwarin yake, kuma a ciki na bar Inna, mahaifiyata, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta.

Ni direban gidan wani attajiri ne a lokacin, shi ne kafilina da ya tsaya mini a ƙasar, iƙamata, wato takardar izinin zamana, tana hannunsa. Ran nan da hantsi hadari ya haɗo, na je neman izinin tafiya gida. Kafin in buɗe baki babban ɗansa ya fito yana murna, ya miƙo mini makullin mota, yana kirana usɗa yadda suke kiran direba.

"Yalla ya usɗa, an ce a Sudan cikin laka ka koyi tuƙi. Yau za ka koya mini."

Na dubi uban. Ya ce, "Halas, shi ke nan, ka kai shi."

Muka fita bayan gari inda kwalta take fayau. Na koya masa, wallahi da gaskiya na koya masa, don in samu mu gama da wuri. Na ce ruwan farko shi ne mugu, yana taso da man da motoci suka zubar. Kada ka bi inda tayoyi suka goge kwalta har tana sheƙi, faɗaɗa kwana ka bi gefe mai kaushi. Birki a taɓa shi a saki, ba a danne shi. In bayan mota ya zame, juya sitiyari wajen da ya zame.

Mutumin naka kuwa zamewar ce ta yi masa daɗi. Yana juyi yana dariya, yana cewa a sake. Ni ina gefe ina kallon ruwa yana gangarawa kudu, wajen unguwarmu. Na tsani dariyar nan, har yau ban daina ba.

Sai bayan la'asar ya gaji. Na mayar da motar, na goge ta, sannan na kama hanya da ƙafa, ruwa har gwiwa.

Na tarar maƙwabta sun ɗora Inna kan durom ɗin ruwa, zaninta sharkaf, tana rawar sanyi. Tabarma da tukwane suna yawo a ɗakin. Na tsugunna in goya ta.

Ta dafa kafaɗata ta ce, "Motar mutane dai ba abin da ya same ta ko?"